Ikhwan, 'yan kwaminis da Kurdawa: rabin tarihin kawai muke karantawa

Ranar 12 ga Fabrairun 1949 aka harbe Hasanul Banna, wanda ya kafa ƙungiyar Ikhwan, a kan titi a Alƙahira, wannan kam duk wanda ya taɓa zama da 'yan MSS a jami'a ko ya saba sayen littattafan da'awa a bakin masallacin Juma'a ya san shi. Abin da akasarinmu ba mu sani ba shi ne kwana biyu kacal bayan nan, ranar 14 ga wannan watan dai, gwamnatin sarautar Iraƙi ta rataye Yusuf Salman Yusuf, wanda ake kira Fahad, shugaban jam'iyyar kwaminis ta ƙasar, aka bar gawarsa tana reto a bainar jama'a a Bagadaza don kowa ya gani ya shiga taitayinsa. Shekara biyu kafin nan kuma, a Maris ɗin 1947, Shah na Iran ya rataye Ƙadi Muhammad, malamin da ya shugabanci 'yar jamhuriyar Kurdawa ta Mahabad wadda ko shekara ɗaya ba ta cika ba, kwamandan mayaƙansa Mulla Mustafa Barzani, mutumin Iraƙi, ya ja 'yan ɗaruruwan mutanensa da ƙafa ta cikin duwatsu har suka tsallaka Tarayyar Sobiyet, can ya zauna shekara 11.

Ni abin da ke damuna da yadda muke ba da wannan tarihi a nan, ko a wa'azi ko a Facebook, shi ne kowa nasa gawawwakin kaɗai yake ƙirgawa. Mai ra'ayin Ikhwan zai karanto maka Banna da Abdulƙadir Auda da Sayyid Ƙuɗub yana hawaye, kuma ya cancanci ya yi hawayen, an zalunce su. Tsohon ɗan gurguzu irin waɗanda suka taso a ASUU da ƙungiyar ƙwadago zai ba ka labarin nasa mutanen. Kurdawa kuwa ba su da mai magana da yawunsu a cikinmu sam, in an ambace su ma sai dai ka ji wani ya ce ai karnukan farautar Amurka da Isra'ila ne, ya wuce. Amma in ka jera labaran uku wuri guda sai ka ga wani abu mai ɗaci, wanda shi ne ra'ayina a wannan rubutu: ƙungiyoyin nan uku kowace ta taɓa jingina da soja don a murƙushe mata abokiyar hamayya, ta yi shiru ko ma ta yi tafi lokacin da ake gana wa waccan azaba, kuma babu wadda sojan ya bari daga baya, ko ɗaya.

Mu fara da Masar don ita muka fi sani. Da matasan hafsoshi suka kifar da Sarki Faruƙ a Yulin 1952, Ikhwan na tare da su, wani ɓangare babba na 'yan kwaminis ma na tare da su, har akwai hafsoshi masu ra'ayin gurguzu irin Khalid Muhyiddin da Yusuf Siddiƙ a cikin masu juyin. Ko wata ɗaya ba a yi ba ma'aikatan masaƙa suka shiga yajin aiki a Kafrud Dawwar, soja suka kafa kotu cikin gaggawa aka yanke wa ma'aikata biyu, Mustafa Khamis da Muhammad al-Baƙari, hukuncin rataya kuma aka rataye su. Ikhwan a lokacin suna ɗasawa da hafsoshin, ba su tsaya wa waɗannan talakawa ba. A Janairun 1953 aka rusa duk jam'iyyun siyasa aka ƙyale Ikhwan a kan cewa ita ƙungiya ce ba jam'iyya ba, suka karɓi wannan gata. To a Oktoban 1954 aka harbi Jamal Abdun Nasir, jagoran hafsoshin, yana jawabi a dandalin Manshiyya a Iskandariyya bai mutu ba, sai aka juyo kansu, aka kwashe dubbai, aka rataye shida a Disamba har da Auda, a 1957 kuma aka buɗe wa fursunoninsu wuta a cikin gidan yarin Tura aka kashe sama da 20. Sannan layi ya zo kan 'yan kwaminis, daga farkon 1959 aka dinga kwasarsu, a Yunin 1960 aka yi wa Shuhdi Aɗiyya ash-Shafi'i dukan da ya mutu a gidan yarin Abu Za'abal, mutumin da har a gaban kotu yana cewa shi yana goyon bayan Nasir. A kurkukun da ke can tsakiyar hamada a Wahat an tsare 'yan Ikhwan da 'yan kwaminis duka, rana ɗaya ke dukansu, masu gadi ɗaya ke zaginsu. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ƙarshen 'yan kwaminis ɗin, an sake su a 1964 dab da zuwan shugaban Sobiyet Khrushchev bikin madatsar ruwan Aswan, a 1965 suka rusa jam'iyyarsu da hannunsu suka shige jam'iyyar gwamnati, a shekarar nan dai Nasir ya sanar da sabon kamen Ikhwan yana tsaye a birnin Mosko, kamen da ya ƙare da rataye Ƙuɗub a Agustan 1966.

Amma inda abin ya fi fitowa fili, inda masu ra'ayin addini da 'yan kwaminis da Kurdawa suka haɗu a fage ɗaya cikin shekara biyar kacal, Iraƙi ce, kuma nan nake so mu ɗan daɗe.

Ranar 14 ga Yulin 1958 Birgediya Abdulkarim Ƙasim da Kanar Abdussalam Arif suka kifar da sarauta, aka kashe Sarki Faisal na biyu wanda yaro ne ɗan shekara 23, aka kashe kawunsa Abdul'ilah, washegari aka kama tsohon firaministan ƙasar Nuri as-Sa'id shi ma aka kashe. Ƙasim ba shi da jam'iyya, kuma tun ba a je ko'ina ba suka saɓa da Arif a kan ko Iraƙi ta shiga haɗakar Masar da Siriya ƙarƙashin Nasir ko kar ta shiga. Arif da 'yan jam'iyyar Ba'as mai neman haɗe ƙasashen Larabawa da sauran masu kishin Larabci suna so, Ƙasim ba ya so ya zama yaron Nasir, to su wa ke da jama'a a titi kuma su ma ba sa son haɗakar? 'Yan kwaminis, don sun ga yadda haɗakar ta rusa jam'iyyu a Siriya, da kuma Kurdawa, don in aka narke cikin babbar ƙasar Larabawa su sun zama 'yan tsiraru na gaske kenan. Sai ya jawo su jiki. Kundin tsarin mulkin wucin gadi ya rubuta ƙarara cewa Larabawa da Kurdawa abokan tarayya ne a wannan ƙasa, Barzani ya dawo daga Sobiyet a Oktoban 1958 aka yi masa tarba irin ta gwarzo aka ba shi gida a Bagadaza. Jam'iyyar kwaminis kuwa ta kumbura, ƙungiyoyin ƙwadago, na manoma, na ɗalibai, na mata, kusan duk a hannunta suke, ranar ma'aikata ta 1959 dubban ɗaruruwan mutane suka cika titunan Bagadaza suna neman a sa jam'iyyar cikin gwamnati.

Kuma kar wani ya ɗauka wai mutane sun haukace ne kawai suka bi kafirci. Iraƙin wancan lokaci ƙasa ce da 'yan tsirarun shehunan ƙabilu da manyan attajirai suka mallake mafi yawan gonaki, manomi a yankin Amara yana noma shekara da shekaru ba shi da ko taki ɗaya nasa, bashi ya ɗaure shi har doka ta hana shi barin gonar ubangidansa sai ya biya, waɗanda suka gudo birni suna zaune a bukkokin kara da laka a bayan Bagadaza cikin ƙazantar ruwa. Waɗannan da leburorin tashar jirgin ruwa ta Basra da ma'aikatan jirgin ƙasa da na kamfanin mai su ne jama'ar jam'iyyar, da yawansu 'yan Shi'a ne masu zuwa Karbala, wasu ma 'ya'yan malamai ne daga Najaf, shi kansa sakataren jam'iyyar na lokacin, Husain ar-Radi da ake kira Salam Adil, ɗan Najaf ne daga gidan sharifai. Ƙasim ya yi dokar rabon gonaki a 1958, ya gina wa 'yan bukkoki unguwar Saura wadda yau ake kira Madinatus Sadr, a 1961 ya yi doka mai lamba 80 da ta ƙwace kusan duk filin da kamfanin man Turawa ya riƙe bai haƙa ba. Talaka ya ga abin da ido.

To amma ga inda 'yan kwaminis suka ɓata rawarsu, kuma ba zan sassauta musu ba. A Maris ɗin 1959 suka kwashi jama'a a jiragen ƙasa suka je suka yi gangami a Mausil, gari mai riƙo da addini da kishin Larabci, kwamandan sojan garin Kanar Abdulwahab ash-Shawwaf ya yi tawaye da goyon bayan Nasir, tawayen ya rushe cikin kwana biyu aka kashe shi, sai aka shiga ramuwa, 'yan kwaminis da mayaƙan ƙabilun Kurdawa da suka gangaro daga duwatsu suka dinga bi gida gida, ana kafa kotun titi ana kashewa ana jan gawa da igiya, ɗaruruwa suka mutu. Wata huɗu bayan nan a Karkuk, ranar bikin cika shekara ɗaya da juyin, aka far wa Turkumawan garin aka kashe gommai, masu aikin akasarinsu Kurdawa ne masu ɗauke da tutar jam'iyyar. Wannan jini ne na mutane, kuma duk ɗan gurguzun da zai ba ka labarin 1963 ya tsallake Mausil da Karkuk bai gaya maka gaskiya ba. Ƙasim kansa ya tsorata, ya fara janye jiki, da aka zo ba jam'iyyu lasisi a 1960 sai ya hana ainihin jam'iyyar ya ba wani ɗan ƙaramin ɓangare da ya ɓalle ƙarƙashin Dawud as-Sa'ig sunan. Duk da haka suka ci gaba da manne masa, don Mosko ba ta so a taɓa shi kuma su ma ba su da wani wajen zuwa.

Malamai fa? A Najaf abu biyu ya tayar musu da hankali, yadda 'ya'yansu ke tururuwa zuwa gurguzu, da dokar iyali ta ƙarshen 1959 wadda ta daidaita rabon gadon mace da namiji ta kuma taƙaita ƙarin aure. A daidai wannan lokaci ne wasu matasan malamai suka kafa jam'iyyar Da'awa a ɓoye, cikinsu akwai Muhammad Baƙir as-Sadr, wanda ya zauna ya karanci Markisanci da gaske ya rubuta Falsafatuna da Iƙtisaduna yana mai da martani hujja da hujja, kuma a ganina wannan ita ce hanya mafi daraja da wani ya bi a duk wannan rikici. A 1960 babban marja'i, wato malamin da 'yan Shi'a ke bin fatawarsa, Sayyid Muhsin al-Hakim ya ba da fatawa cewa shiga jam'iyyar kwaminis haramun ne, kafirci ne da ilhadi. Malami yana da haƙƙin ya faɗi hukuncin aƙida, ban ja da wannan ba. Matsalar ita ce wa ya ci ribar fatawar a titi. Ba 'yan Da'awa ba ne don su ba su da bindiga, 'yan Ba'as ne, mutanen da addini bai dame su ba, su suka samu rigar da za su sa.

Kurdawa su ma zumar ba ta daɗe ba. Alƙawarin tarayya ya tsaya a takarda, Ƙasim ya fara ba ƙabilun da ke gaba da Barzani makamai, a Satumban 1961 yaƙi ya ɓarke, jiragen sama suka dinga ruwan bama-bamai a ƙauyuka. Nan sai shugabannin jam'iyyar Kurdawa ta KDP suka yi abin da kowa ke yi, suka buɗe ƙofar magana da hafsoshin da ke shirya kifar da Ƙasim, a kan in an ci nasara za a ba su cin gashin kai.

Ranar 8 ga Fabrairun 1963, 14 ga Ramadan, ana cikin azumi, aka yi juyin. Talakawan unguwanni suka fito da sanduna suka taru a ƙofar ma'aikatar tsaro suna roƙon Ƙasim ya ba su makamai ya ƙi, washegari aka harbe shi a gidan rediyo aka nuna gawarsa a talabijin. Aka karanta sanarwa mai lamba 13 a rediyo wadda ta halatta kashe 'yan kwaminis, matasan Ba'as masu ɗaure da koren ƙyalle a dantse suka bi gidaje da jerin sunaye, filayen wasa da kulob kulob suka koma wuraren tsare mutane, wata tsohuwar fadar sarauta da ake kira Ƙasrun Nihaya ta zama mayanka, a can aka azabtar da Salam Adil har ya mutu bai ba da sunan kowa ba. Dubbai aka kashe, likitoci, malaman makaranta, lauyoyi, leburori. Kurdawa sun tsagaita wuta suna jiran alkawari, a watan Yunin shekarar nan sojan sabuwar gwamnati ya afka musu da ƙarfin da ya fi na Ƙasim, har Siriya ta turo dakaru su taya. 'Yan kwaminis da suka tsira kuwa ina suka gudu? Duwatsun Kurdawa.

Kuma wallahi da a ce an tsaya nan da sai mu ce ai kowa ya ɗauki darasi. Ba'as ta dawo mulki a 1968. A 1969 aka zargi Mahdi ɗan Sayyid Hakim da leƙen asiri sai da ya gudu daga ƙasar, aka kashe malamin Sunna Shaikh Abdul'aziz al-Badri a tsare. A Maris ɗin 1970 Saddam ya sa hannu da Barzani a kan cin gashin kai, shekarar da ta biyo baya aka tura wa Barzani tawagar malamai da bom a jikinsu Allah ya yi da sauran kwanansa. A 1973 jam'iyyar kwaminis, wadda shekara 10 kacal da suka wuce aka yi wa 'ya'yanta yankan rago, ta shiga ƙawance da Ba'as a hukumance bayan ta riga ta karɓi kujerun minista tun 1972, kuma da yaƙi ya dawo a 1974 tana ɓangaren gwamnati a kan Kurdawan da suka ba ta mafaka. Barzani shi kuma ya jingina da Shah da Amurka da Isra'ila, a Maris ɗin 1975 Shah ya shirya da Saddam a Aljiyas aka rufe iyaka, tawayen ya rushe cikin makonni, ya mutu a Amurka a 1979. A 1978 aka kashe 'yan kwaminis 31 jam'iyyar na cikin gwamnati. A Afrilun 1980 aka kashe Baƙir as-Sadr da 'yar'uwarsa Bintul Huda. A Maris ɗin 1988 aka zuba wa Halabja iskar guba, mutum wajen 5,000 a yini ɗaya.

Na san abin da wani ɗan'uwa zai ce, zai ce malam ya za ka haɗa masu neman ɗaukaka kalmar Allah da mulhidai a ma'auni ɗaya. Ban haɗa aƙidarsu ba, ni Musulmi ne kuma ban yarda da falsafar da ta ce babu Mahalicci ba. Abin da na haɗa shi ne haƙƙinsu na kada a ɗaure su a fanka a dake su har su mutu ba shari'a. Allah Ya ce a cikin Ma'ida kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa ku ƙi yin adalci, Ya ce a cikin Hudu kada ku karkata ga waɗanda suka yi zalunci sai wuta ta shafe ku, kuma ban ga inda aka ce sai in wanda ake zalunta ɗan ƙungiyarku ne ba. Mu ma muna cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, su kuwa mutanen nan fetur suka miƙa. Ɗan gurguzu shi ma zai ce ai Ikhwan 'yan koma baya ne, suna da ɓoyayyen reshe mai makamai, sun kashe firaminista Nuƙrashi a 1948. Gaskiya ne an yi haka, kamar yadda aka yi Mausil. Wanda ya yi kisa a kai shi kotu ta gaskiya, amma kwashe dubban mutane saboda katin ƙungiya wani abu ne daban, kuma duk wanda ya halatta shi a kan abokin gaba ya halatta shi a kan kansa, don ɗakin azabar ba a rushe shi in an gama da rukunin farko, ma'aikatansa albashi suke karɓa kuma sai an kawo musu wasu.

Maganar Kurdawa kuma ina roƙon 'yan'uwa mu daina saurin yanke musu hukunci. Mafi yawansu Musulmi ne 'yan Sunna mabiya Shafi'iyya, gidan Barzani gidan shehunan Naƙshabandiyya ne, Salahuddin al-Ayyubi da muke alfahari da shi Bakurde ne. Shugabanninsu sun yi kurakurai manya kuma na faɗe su, amma ka duba abin da aka yi musu a Siriya a 1962, ƙidayar yini ɗaya aka yi a lardin Hasaka aka wayi gari mutum wajen 120,000 ba su da ƙasa, ba fasfo ba mallakar gona ba aikin gwamnati, 'ya'yansu da jikokinsu suka gaji rashin, ba a fara mayar musu ba sai 2011 da wuta ta taso wa Shugaba Bashar al-Asad. A wannan ƙasar dai Bakurden Dimashƙa Khalid Bakdash ne ya zama ɗan kwaminis na farko da ya ci zaɓen majalisa a ƙasashen Larabawa a 1954, amma jam'iyyarsa ba ta ɗauki kukan Kurdawa da muhimmanci ba, ita ma daga baya ta shige inuwar Hafiz al-Asad. A nan dole in yaba wa Sayyid Hakim, Kurdawa har yau suna tuna shi da alheri don ya ƙi halatta wa gwamnatin Bagadaza yaƙarsu, kuma irin wannan tsayuwar ce ta yi ƙaranci a zamanin.

Sudan ma da ke kusa da mu, inda muke da dangi birjik, ba ta tsira ba. Bayan boren Oktoban 1964 da ya kori Janar Abbud, wanda 'yan kwaminis da 'yan Ikhwan duk suka yi tare, 'yan kwaminis suka ci kujeru a majalisa a 1965. Wani ɗalibi ya yi mummunar magana a kan iyalan gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a wani taro, jam'iyyar ta ce ba ɗanta ba ne, amma ƙungiyar su Hasan at-Turabi da manyan jam'iyyu suka yi amfani da damar aka gyara tsarin mulki aka haramta jam'iyyar aka kori 'yan majalisarta. Kotu ta ce korar ta saɓa wa tsarin mulki, gwamnati ta yi biris da hukuncin, alƙalin alƙalai Babikir Awadallah ya ajiye aiki a 1967. Da Numairi ya yi juyin mulki a Mayun 1969 da goyon bayan 'yan gurguzu, shi wannan Babikir ɗin ne ya zama firaministansa, Turabi ya tafi kurkuku, a 1970 aka yi wa Ansaru, mabiya gidan Mahadin Sudan, luguden wuta a tsibirin Aba, a Yulin 1971 kuma Numairi ya rataye shugaban jam'iyyar kwaminis Abdulkhaliƙ Mahjub da shugaban ƙwadago Shafi'u Ahmad ash-Shaikh. A 1977 aka yi sulhu, bayan shekara biyu Turabi ya karɓi kujerar antoni janar a gwamnatin Numairi, a Maris ɗin 1985 Numairin ya sake kulle shi.